Yawuri: Yadda ruwa ya riƙa sauya wa mutane gida

Mai karatu, idan aka ambaci Birnin Yawuri a yau, abin da zai fara faɗo wa mutane da yawa a rai shi ne ranar 17 ga Yuni, 2021, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke garin, suka kwashe ɗalibai da malamai. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, kuma har gobe ba za a manta da shi ba. To amma garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana riƙe da fadar sarki bai kamata a san shi da wannan rana kaɗai ba. Saboda haka a wannan wata sai ka gyara zama, mu bi tarihin ƙasar Yawuri ta hanyar da ba a cika bi ba, wato ta hanyar gidajen mutanenta: ina suka zauna, me ya tashe su, kuma wa ya zaɓa masu inda suka koma.

Fadar Yawuri ta zauna a wuri uku daban-daban. Talakawanta kuwa, musamman na bakin ruwa, sun ga ƙaurar da ta fi kowacce girma a 1968, lokacin da aka tare Kogin Kwara a Kainji. A ƙaurace-ƙauracen baya mutane ne ke gina gidajensu da hannunsu. A wannan ta ƙarshe, wasu ne suka zana masu a takarda.

INA NE YAWURI?

Masarautar Yawuri tana kudancin Jihar Kebbi, jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙananan hukumomi uku ne a cikinta: Yawuri mai hedikwata a Yelwa, Ngaski mai hedikwata a Warra, da kuma Shanga. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, shi kansa Birnin Yawuri da masarautar ta samo suna daga gare shi yana cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski ne, kimanin kilomita 14 kudu maso gabas da Yelwa. Babbar hanyar motar da ta taso daga Kwantagora zuwa Koko da Jega ita ce ta ratsa ƙasar.

Amma uwar hanyoyin Yawuri ita ce Kwara, kogin da Turawa ke kira Neja. Wannan kogi yana da wata ɗabi'a a nan: sau biyu yake cika a shekara. Akwai farin ruwa, wanda ke zuwa da damina, cike da laka daga ruwan saman da aka yi a kusa. Sannan akwai baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a can, sai ya iso nan da sanyin hunturu. Ka ga ke nan a lokacin da sauran ƙasar Hausa ke cikin rani, mutumin bakin Kwara yana da ruwa a ƙofar gidansa. Wannan shi ne arzikin Yawuri tun fil azal.

Mutanen ƙasar ma iri-iri ne. Akwai Yawurawa masu jin Hausa, akwai Kambari, Dukawa, Shangawa, Lopawa, Fulani makiyaya, da Sarkawa masunta. Sai kuma Gungawa, waɗanda ke kiran kansu Reshe. Gungu a Hausar wannan yanki shi ne tsibiri, don haka Gungawa na nufin mutanen tsibirai. Ka riƙe sunansu da kyau, domin su ne labarin ya fi shafa.

GANUWA MAI ƘOFA TAKWAS

Duk wanda ya yi firamare ya haddace Hausa Bakwai da Banza Bakwai, kuma a jerin na biyun ne ake lissafa Yawuri, tare da su Kebbi da Zamfara da Nupe. Masana tarihi sun daɗe da nuna cewa wannan laƙabi bai yi wa waɗannan ƙasashe adalci ba. Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙasar ne, Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski, wanda ya yi bincikensa na digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello kan Yawuri a ƙarni na 19, sannan a 1978 ya fitar da shahararren littafinsa kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma.

Me ya ɗaukaka Birnin Yawuri? Amsar ita ce fatauci. Ayarin fataken da ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro dole ne su ƙetare Kwara, kuma ɗaya daga cikin hanyoyinsu ta ƙasar Yawuri ta biyo. Mai ayari yana buƙatar masauki, abinci, da jirgin fito. Sarki yana karɓar kuɗin hanya, Gungawa suna da jirage, manoma suna da hatsi. Lura kuma da wurin da aka kafa birnin: a kan tudu ne, nesa kaɗan da kogi. Sarakunan suna cin moriyar ruwa, amma suna kwana a bayan ganuwa.

Turawan farko da suka biyo kogin sun bar mana labarin wurin. A farkon 1806 Mungo Park ya iso ƙasar Yawuri a jirginsa, kuma a nan ne tafintansa Amadi Fatuma ya rabu da shi. Bai yi nisa ba ya hallaka a duwatsun ruwan Busa. A 1830 wasu 'yan'uwa biyu, Richard da John Lander, suka zo Birnin Yawuri neman takardun da Park ya bari, suka yi sama da wata guda a garin. Sun ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 20 zuwa 30, suka ce tana da manyan ƙofofi takwas. Ko da a ce sun ɗan ƙara gishiri, ai ka san ba ƙaramin gari suka gani ba. Kamar sauran biranen ƙasar Hausa, ganuwar ta kewaye gidaje da gonaki da makiyaya, ta yadda in an yi wa gari ƙawanya mutane ba za su mutu da yunwa ba.

DAGA BIRNI ZUWA GUNGU, DAGA GUNGU ZUWA YELWA

Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo, Sarkin Yawuri Albishir Ɗan Ayi ya zaɓi amana, ya bi Gwandu, aka bar masa sarautarsa. Shi ya sa Yawuri na cikin 'yan masarautun da gidan sarautarsu na Hausa ya tsira. Abin da takobin waje bai yi ba, sai rikicin cikin gida ya yi. Daga shekarun 1840 'ya'yan sarauta suka shiga yaƙar juna, har a wajen 1850 fada ta bar Birnin Yawuri ta koma tsibirin Ikum a tsakiyar Kwara. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora, shi da ɗansa Ibrahim suka riƙa kai hare-hare, suna yanke ƙasar Yawuri ta gabas. A irin wannan zamani ruwa ya fi ganuwa tsaro, domin doki ba ya hawa kogi.

A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya mayar da fada Yelwa, a bakin ruwa, inda take har yanzu. Ba a jima ba Turawan kamfanin ciniki na Neja suka kafa sansani a garin, mulkin mallaka ya biyo baya. Aka sa Yawuri a Lardin Kwantagora, daga baya aka mayar da ita Lardin Sakkwato. Yelwa ta zama garin kasuwa da tashar jirage, Birnin Yawuri kuwa ya koma ƙaramin gari a cikin kangon babbar ganuwa.

GIDAN BAGUNGE KAFIN DAM

Kafin mu kai ga Kainji, ya kamata ka san irin zaman da ruwa ya cinye. Bagunge a tsibirinsa yana da komai a kusa. Ɗakinsa na ƙasa ne mai jinka, ya yi shi da lakar bakin kogi da ciyawar fadama, ba tare da ya kashe ko sisi ba sai gayya da abincin 'yan gayya. In ɗansa ya yi aure, a ƙara ɗaki. In ɗaki ya tsage, a kwaɓa ƙasa a liƙe. Ga rumbu a tsakar gida, ga kwale-kwale a ɗaure a bakin ruwa. Abin da Gungawa suka fi shahara da shi kuwa shi ne albasa. A kan lallausar ƙasar da kogi ke bari, suna ɗibar ruwa da hannu suna ban-ruwa, suna fitar da albasar da ake lodi zuwa kasuwannin kudu. Da damina su shuka gero da dawa, su taɓa su, su yi fito. Wato tsakanin wurin kwana da wurin neman abinci tafiyar 'yan mintoci ce.

DAM YA ZO

Bayan samun mulkin kai, Nijeriya na neman wutar lantarki ido rufe. A 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa ta Neja, a 1964 aka fara aikin Kainji a zamanin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da rancen Bankin Duniya da wasu ƙasashe, kamfanin Impregilo na Italiya na riƙe da kwangilar. Juyin mulki da yaƙin basasa ba su tsayar da aikin ba. A 1968 aka rufe ƙofofin dam, ruwa ya fara taruwa, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a Fabrairun 1969. An yi wa tashar gurbin injina 12, aka sa takwas, masu ƙarfin megawat 760.

Tafkin da ya samu ya kai tsawon kilomita 135, faɗin ruwansa kuma kusan murabba'in kilomita 1,300. Ya haɗiye tsibirin Foge ɗungurungum, ya haɗiye tsohon garin Busa da duwatsun da suka ci Mungo Park, ya ci wani sashe na Yelwa, ya shafe tsibirai da ƙauyuka masu yawa. Mutanen da aka tayar, gwargwadon ƙidayar da aka yi, sun kai 44,000 zuwa 50,000. Sarkin Yawuri na lokacin shi ne Muhammadu Tukur, wanda ya yi sarauta daga 1955 zuwa 1981. Tambayar da ta tsaya wa gwamnati a wuya ita ce: ina za a kai waɗannan bayin Allah, kuma wane irin gida za su shiga?

GARIN DA AKA ZANA A TAKARDA

A nan sai mun ɗan leƙa Ingila, domin daga can aka samo masu zanen, kuma a wancan zamani ƙasar na cikin zazzaɓin gina sababbin garuruwa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, bama-bamai sun rushe unguwanni a Landan, cunkoso ya yi yawa. Sai gwamnati ta yi doka a 1946 ta gina sababbin garuruwa a kewayen birnin. Na farko shi ne Stevenage, wani ɗan gari mai mutum kusan 6,000 a arewa da Landan, wanda aka tsara zai ɗauki 60,000. Mutanen garin ba su so ba. Don fushi har suka sauya allon tashar jirgin ƙasa, suka rubuta "Silkingrad", suna yi wa ministan tsara garuruwa Lewis Silkin shaguɓe cewa yana mulki irin na Rasha. Duk da haka aka gina. Manufar ita ce mutum ya kwana a garin kuma ya yi aiki a garin. Amma da tafiya ta yi tafiya, dubban mazauna irin waɗannan garuruwa suka zama 'yan je-ka-ka-dawo: su hau jirgin ƙasa da safe zuwa Landan, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a jirgi mai sauri, su dawo da dare su kwanta.

Ka ga darasin? Mai zane na iya zana gida da titi da kasuwa, amma ba shi ke yanke wa mutum inda zai samu abincinsa ba. Wannan darasi ne aka sake karantawa a bakin Kwara, da tsada.

Da farko gwamnati ta gwada biyan diyya da kuɗi, kowa ya je ya gina nasa. Abin bai tafi yadda ake so ba, ga ruwa na tafe, ba ya jiran kowa. Sai aka sauya shawara: gwamnati za ta gina gidajen da kanta. Maƙwabciyarmu Gana ta riga ta sha irin wannan a dam ɗin Akosombo, inda aka kwashe mutum kusan 80,000 zuwa sababbin garuruwa 52. A Kainji aka ba wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, aikin. Aka tattara ƙananan ƙauyuka fiye da 200 aka haɗe su a sababbin matsugunai sama da 100, aka gina wa Busawa Sabuwar Busa, aka gina wa mutanen Yelwa da ruwa ya ci gidajensu sabuwar unguwa a kan tudu.

GIDAN SIMINTI, RUFIN ASBESTOS

A yi wa mai zanen adalci: ya yi ƙoƙarin kwaikwayon tsarin gidan gargajiya, ɗakuna na kewaye da tsakar gida. Gine-ginen na bulon siminti ne, da rufin asbestos mai lanƙwasa kamar baka. A hoto abin gwanin ban sha'awa, kuma a tarihin dam-dam na Afirka ana lissafa Kainji cikin waɗanda aka ɗan kula da mutanen da aka tayar.

To amma wanda ya kwana a ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ɗakin ƙasa mai jinka yana da sanyi da rana, yana riƙe ɗumi da dare, hayaƙin wuta kuma yana fita ta cikin ciyawa yana korar sauro. Ɗakin siminti mai siririn rufi kuwa akasin haka yake, da bazara kamar tanda, da hunturu kamar randa. Babbar matsalar ma ita ce gyara. Bango in ya tsage sai an sayi siminti an kira magini. Rufi in ya fashe ba a samun irinsa a kasuwar ƙauye. Iyali in ya ƙaru, gidan ba ya ƙaruwa. Saboda haka mutane suka koma ga abin da suka sani: suka riƙa gina ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen na gwamnati, wasu suka mayar da ɗakin siminti wurin ajiya. Yau kuma duniya ta san cewa ƙurar asbestos na cutar da huhu, har ƙasashe da dama sun hana gini da shi.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan zancen abinci. Ƙasar albasa ta tafi ƙarƙashin ruwa. Sabon gida yana kan tudu, ƙasar jigawa ce, ga tafkin yana da halin da tsohon kogi ba shi da shi: ruwansa na sauka da kusan mita 10 a shekara yayin da ake juya injina, bakin ruwa ya ja baya da nisa. Mutumin da jiya jirginsa ke ɗaure a ƙofar gida, yau sai ya yi tafiya kafin ya ga ruwa. Da yawa suka kafa tunga a bakin tafki, su bi ruwa in ya ja, su gudu in ya dawo. Sannu a hankali suka gano cewa ƙasar da ruwa ke janyewa ya bari tana da albarka, suka shiga noman ta da shinkafa da wake da albasa. Wannan dabara tasu ce, babu wanda ya zana masu ita.

Wani masanin al'adu Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya zauna a Yawuri a farkon shekarun 1970, ya yi rubutu kan wani sauyin da ba a gani a taswira: yadda Gungawa da dama, bayan barin tsibiri da cuɗanya da mutanen gari, suka riƙa komawa Hausawa a harshe da sutura da addini. Harshen Reshe na nan da ransa, amma Hausa na ta cin iyakarsa.

'YAN JE-KA-KA-DAWO A KAN RUWA

Da tafki ya cika, kifi ya yi ambaliya. A farkon shekarun 1970 an ƙiyasta abin da ake kamawa da kusan tan 28,000 a shekara. Masunta suka kwararo daga ko'ina, har daga ƙetare. Kafin ƙarshen shekarun, kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Duk da haka kasuwar Yelwa ta ci gaba da zama babbar matattarar giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa, ɗanye da banda, kuma cibiyar binciken kifi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa ta samo asali ne daga aikin nazarin wannan tafki.

Sai dai ruwan da ya haɗa kasuwanni shi ne ya nisanta su. Inda dā kogi ne da ake fito da sanda da filafili, yanzu teku ce ƙarama mai igiyar ruwa, wadda a wani wurin faɗinta ya haura kilomita 20. A ƙarƙashinta kuma akwai kututturan itatuwan da ba a sare ba kafin ruwa ya taru. Mutumin Stevenage yana da jirgin ƙasa mai tikiti da lokaci. Mutumin Ngaski da Shanga jirginsa na katako ne mai inji, ana loda masa mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki. A ranar 26 ga Mayu, 2021, wani irin wannan jirgi ɗauke da mutane fiye da 150 ya tarwatse a kusa da Warra, waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba. Allah ya jiƙansu da rahama. Yawancinsu neman abinci ne ya fito da su.

WA YA CI RIBA?

Wutar Kainji ta haska Legas da Kaduna da Kano, tun shekarun 1970 kuma aka fara kai ta har Yamai a Jamhuriyar Nijar. A 1972 aka narkar da hukumar dam ɗin cikin NEPA, a 2013 aka ba kamfanin Mainstream jinginar tashar. Mutanen da suka ba da gidajensu da kaburburan kakanninsu kuwa sun daɗe suna kukan cewa ƙauyukansu da yawa sun ga waya ta wuce ta kansu, ba su ga ƙwan fitila ba. Wannan kuka ne ya haifar da hukumar raya yankunan da ke samar da wutar dam, HYPPADEC, wadda aka sa hannu a dokarta a 2010, amma ba ta fara aiki ba sai bayan kusan shekara goma.

Yawuri dai tana nan. Sarki Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka naɗa a 1999, ya ga an farfaɗo da bikin Rigata, inda samarin bakin ruwa ke tseren jirage da ninƙaya kamar yadda kakanninsu suka yi. Waɗanda suka san rayuwar tsibiri kafin dam da idonsu kuwa yanzu duk sun haura shekara sittin, kuma kullum raguwa suke yi. Marubutanmu da masu shirya fim da ke kukan ƙarancin labari, ga shi nan a bakin tsofaffin Yelwa da Warra da Shanga: amaryar da aka kai ɗakin da bai kai shekara ba ruwa ya cinye, da dattijon da ke nuna wa jikansa tsakiyar tafki yana cewa can ne gidanmu. Su kuma hukumomi, duk ranar da za a sake tayar da wani gari saboda dam ko titi ko ambaliya, kafin a kira mai zane a fara zama da masu gida a tambaye su ina gonarsu, ina ruwansu, kuma da me za su gyara bango in ya tsage. Allah ya ba ƙasar Yawuri zaman lafiya, amin.